Ina Zan Samu Matan da Za Su Yarda In Raka Su Haihuwa? Amsa ga Mai Koyon Aikin Dula a Yamai

Wata matashiya da ke zaune a Talaje, nan Yamai, ta aiko mini da tambaya kan aikin dula, wato rakiyar mace lokacin haihuwa. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Tanti, na gama horon aikin dula ta intanet. Ƙungiyar da ta koyar da ni ba za ta ba ni takardar shaida ba sai na raka mata uku haihuwa, kowacce ta cika takardar yadda ta ga aikina, sajfam ɗin da ta karɓi haihuwar ita ma ta sa hannu. Wata biyu ke nan da na sa sanarwa a Facebook da WhatsApp cewa kyauta zan yi, ko mutum ɗaya bai neme ni ba. Ina zan samu matan nan?"

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika zaɓi wannan hanya. Na yi shekaru ina aikin sajfam, wato ungozomar gidan likita, na fara a ƙasar Adar, na ƙarasa a nan Yamai, don haka na san shirun da kika ji, kuma kada ki ɗauka ƙin ki aka yi. Ki tuna yadda muke da ciki a gidajenmu. Mace tana ɓoye shi har sai zane ya kasa rufewa, saboda kunya da tsoron bakin mutane. Ko a tsakar gida ba a faɗin sunansa gatsau, sai dai a ce wance ta yi nauyi, ko tana da juna biyu. To wadda ba ta gaya wa aminiyarta watan haihuwarta ba, ta yaya za ta ɗauki waya ta kira baƙuwar da ta gani a Facebook ta ce zo ki tsaya a kaina ranar da nake kan gwiwa? Ba za ta yi ba. Ko ta so, akwai uwa, akwai uwar miji, akwai mai gida, kuma duk cikinsu babu wanda sanarwarki ta je wa.

Sannan kalmar "dula" kanta. Asalinta daga harshen Girka ne, kuma a Bukoki ko Harobanda babu wanda ya san ta. Wasu za su zaci sajfam ce ke da ba ta gama makaranta ba, wasu su zaci ungozoma ce ta zamani mai karɓar haihuwa a gida. Ki ajiye kalmar ga takardunki. A bakinki ki ce: "Ni ƴar rakiyar haihuwa ce. Ba na duba mace, ba na ba da magani, ba na karɓar haihuwa. Ina zama da ita tun farkon naƙuda har ta sauka, don kada a bar ta ita kaɗai." Wannan kowace tsohuwa za ta gane shi, domin a ƙauye aikin gwaggo ne ko maƙwabciya tun kaka da kakanni. Ita ma kalmar "kyauta" ki yi hattara da ita idan ta tsaya ita ɗaya. Mutanenmu idan suka ji kyauta daga bakin wanda ba su sani ba, sai su fara neman abin da ke ƙarƙashi: ko wata ƙungiya ce ke ƙirga mata, ko hoto za a ɗauka, ko koyo za a yi a jikin ɗiyarsu. Ki faɗi dalilin a fili: kina koyo ne, kina buƙatar shaidar mata uku, shi ya sa ba kya karɓar kuɗi. Mai cikin da ta yarda, alfarma ta yi miki, kamar yadda ke ma za ki yi mata.

Bari in gaya miki abin da ya sa na ɗauki aikin nan da daraja. Wani dare cikin damina, a wani ƙaramin ɗakin haihuwa a jihar Tawa, ni kaɗai nake aiki, mata uku suna naƙuda, wuta ta ɗauke, fitilar hannu ce a bakina. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce, cikin fari, ba ta wuce shekara sha bakwai ba. Ta cusa gefen zanenta a baki tana ciza, ko tari ba ta yi, saboda an gaya mata abin kunya ne a ji muryarta. Uwarta tana zaune a waje kan tabarma, ta ƙi shigowa domin yarinyar ƴar farinta ce, kin san kunyar ɗan fari. Na duba ta, komai lafiya, amma jikinta ya sandare kamar itace, naƙudar ta tsaya cik, ni kuma ba ni da hannu na uku. Sai wata dattijuwa da ta rako wata daban ta matso, ta zauna a bayanta, ta jingina yarinyar da ƙirjinta, tana murza mata ƙugu da tafin hannu, tana cewa a hankali, "Saki jikinki, ɗiyata, ina nan." Da ciwo ya lafa sai ta ba ta ruwa a murfin buta. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka, ta tofar da zanen, ta fara numfashi. Kafin kiran asalatu ta haifi ɗanta. Dattijuwar ba ta taɓa komai na aikina ba, amma abin da ta yi a daren nan ni ba zan iya ba, domin ina tsakanin gado uku.

Abin da na gani da ido, bincike ma ya gan shi, kuma ki riƙe waɗannan a kanki domin za ki buƙace su a gaban ma'aikata. A 1980 aka wallafa binciken da likitocin yara biyu na Amurka, Marshall Klaus da John Kennell, suka yi tare da abokan aikinsu a wani asibiti a Gwatemala, inda suka ga masu cikin fari da aka ba su mace mai zama da su sun fi saurin sauka nesa ba kusa ba. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa DONA, ƙungiyar masu aikin dula, a 1992. A 2017 masu bitar bincike na Cochrane suka haɗa gwaji 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000, suka samu cewa wadda ke da mai rakiya ba yankewa ta fi haihuwa da kanta, tiyata tana raguwa, naƙuda tana ɗan gajarta, kuma ba ta cika fita da baƙin cikin yadda haihuwar ta kasance ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin shawarwarinta cewa kowace mace a bar ta da mai rakiyar da ta zaɓa da kanta a tsawon naƙuda da haihuwa. Ki lura da wannan, wadda ta zaɓa da kanta. Idan mutum ɗaya kaɗai ake bari ya shiga ɗakin, kuma mai naƙuda ta ce innarta take so, to innar ce za ta shiga, ke ki zauna a waje ki taimaka daga can, ko da wannan haihuwar ba za ta shiga lissafinki ba.

Kafin ki nemi mace ko ɗaya, ki koma ki karanta sharuɗɗan ƙungiyarki da kyau. Ƙungiyoyin ba ɗaya suke ba. Ki duba ko akwai adadin awoyin da ake so ki yi tare da mai naƙuda, ko daga wane mataki na naƙuda ake fara ƙirgawa, ko haihuwar tiyata tana shiga lissafi, wa aka yarda ya sa hannu, da kuma wa'adin da aka ba ki. Idan takardun da Ingilishi suke, ki sa a juya su zuwa Faransanci tun yanzu, ki tambayi ƙungiyar ko ta yarda da hakan, domin babu sajfam ɗin da za ta sa hannu da asuba a kan abin da ba ta iya karantawa. Ki tambaye su kuma yadda za a yi da matar da ba ta yi boko ba: ko wani zai karanta mata da Hausa ko Zabarmanci ya rubuta amsarta, ta dangwala yatsa. Wanda zai karanta mata kada ya zama ke, don ta samu damar faɗin gaskiya. Kuma ki sani, ki sanar da kowa, takardar da za ki samu ta ƙungiya ce, ba takardar gwamnati ba ce irin ta waɗanda suka fito daga makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, ba ta ba ki ikon karɓar haihuwa ba.

Yanzu ga inda ake farawa: gidan likita, ba mai ciki ba. Idan kika samu mata goma suka yarda amma mai gadi ya tsare ki a ƙofa, ba ki yi komai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ki zaɓi wuri ɗaya ko biyu kusa da gidanki, CSI, wato ƙaramin gidan likita na gwamnati, mai ɗakin haihuwa, ko ƙaramar matarnite, wato gidan haihuwa, ta unguwa. Ban ba ki shawarar ki fara da babbar matarnite ta Isaka Gazobi ba. Can ne ake kai masu wahala daga ko'ina, aikin gaggawa ne dare da rana, ga ƴan staj, wato ɗalibai masu koyon aiki, da yawa, ba wurin da mai koyon rakiya za ta samu sarari ba ne. Ki je da safe bayan an rage layi, da shiga ta mutunci, ki nemi ganin majo, wato shugaban ma'aikatan wurin, ko shugabar sajfam. Ki tafi da takardar neman izini da Faransanci, shafi ɗaya, da shaidar horon da kika yi, da jerin abin da kike yi da abin da ba kya yi. Idan suka ce sai an tambayi shugaban likitocin gunduma, ki bi hanyar, kada ki nemi ta bayan gida ta wajen wata da kika sani. Izinin baki na mutum ɗaya yana ƙarewa ne da ƙarewar aikinta na ranar.

Ki fahimci abin da ke ran sajfam idan ta yi miki sanyi. A wurare da yawa ɗakin naƙuda ɗaya ne, gadaje kusa da juna, wani lokaci ko labule babu. Shigarki tana nufin za ki ga tsiraicin matan da ba su gayyace ki ba, kuma wannan dalili ne na gaskiya, ba ƙeta ba. Sannan tana tsoron kin zo sa ido ne, ki ga kuskure ki kai waje. Don haka ki ce mata a fili: wayarki tana cikin jaka, ba hoto, ba labari a WhatsApp, kina tsayawa wajen kan mai naƙudarki kina fuskantar ta, kuma duk lokacin da aka ce ki fita za ki fita ba gardama. Ki nemi a bar ki ki zo ranakun awon ciki na ƴan makonni kina taimakawa da abin da bai shafi jiki ba, jera karne, wato katin awo, nuna wa mata inda za su zauna, riƙe yaron wadda ta shiga awo. Cikin wata ɗaya za a san fuskarki. Daga nan sajfam da kanta za ta fara cewa, "Waccan mai shuɗin hijabi ba ta da kowa a garin nan, je ki gaishe ta." Kalma ɗaya daga bakinta ta fi sanarwa ɗari. Asibitocin kuɗi su ma ki gwada, domin sau da yawa mace tana da ɗakinta ita kaɗai, shigar mai rakiya ba ta takura kowa.

Su wa za ki nema? Waɗanda uwa ta yi musu nisa. Yamai cike take da su: matar ma'aikaci ko soja da aka turo daga Maraɗi ko Damagaram, ɗalibar jami'ar Abdu Mumuni da ta yi aure tana karatu, matar da mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya ya bar ta a gidan haya da yara ƙanana. Mu mutanen Adar mun san wannan sosai, gari guda sai ki tarar rabin mazan suna waje. Akwai kuma wadda haihuwarta ta baya ta zo da wuya, ko ta rasa ɗan, yanzu tana shiga wata na bakwai ba ta barci. Irin waɗannan ba sai kin yi dogon bayani ba. Hanyar kai wa gare su kuwa ta bakin manyan mata ce: malamar Islamiyyar matan aure, uwar adashi, shugabar foyandi, wato taron mata na unguwa, mai kitso, mai lalle, tsohuwar da ke yi wa masu jego wanka a unguwa. Ki je wajen kowacce da ƙafarki, ki gaishe ta, ki yi mata bayani ita kaɗai, ki bar mata lambarki. Kada ki ce ta ba ki sunayen masu ciki. Ki ce idan ta san wadda za ta so, ta gaya mata, ita ta neme ki. In kuma dole sai kin yi amfani da waya, ki bar rubutu, ki yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa da Zabarmanci, ki roƙi uwar zauren mata ta tura da bakinta, ta ce ta san ki, ta san gidanku. Ƴan uwanki da matan ƴan uwanki ma suna cikin lissafi idan ƙungiyarki ta yarda, kuma yawanci ta nan haihuwar farko take zuwa.

Akwai wani lissafi da horon intanet ba zai koya miki ba. Mai cikin fari ita ta fi buƙatar ki, naƙudarta ta fi tsawo, amma a al'adarmu da yawa suna komawa gidan iyaye goyon ciki tun wata na bakwai ko takwas. Sai ki yi wata biyu kina zuwa wajenta, ranar nan a ce miki an kai ta Dogon Dutsi ko Ƙonni. Don haka tambayar farko, bayan gaisuwa, ita ce a ina za ta haihu. Ita kuma mai haihuwa ta huɗu ko ta biyar tana nan ba inda za ta, amma tana iya sauka kafin ki samu taksi. A ganina, idan uku kike nema, ki yi magana da biyar ko shida, ki rarraba watanninsu, kada biyu su haɗu a mako ɗaya. Ki fara sanin su tun suna wata shida ko bakwai, don ki samu zuwa gida sau biyu ko uku, ki raka su awo ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a riƙa ganin ma'aikacin lafiya sau takwas a cikin ciki, don haka ranakun rakiya ba za su yi miki ƙaranci ba.

Idan mai ciki ta nuna tana so, aiki bai ƙare ba, yanzu ne za ki shiga gida. Kada ki yarda ku ƙulla magana ku biyu a ɓoye. Ki ce ta haɗa ki da babbar macen da za ta tsaya a kan haihuwar, uwa ce, uwar miji ce, ko uwargida. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda ya kamata, ki bar ta ta fara magana. Za ta tambaye ki, "Ke kin taɓa haihuwa?" Ki ba ta amsar gaskiya ko wace iri ce. Za ta ce, "Mu da muka haifi tara, wa ya raka mu?" Kada ki kawo mata labarin Gwatemala. Ki ce, "Inna, ai ku ne iyaye, ni hannu ce kawai. Ku kuna fama da ruwan zafi da kayan jariri da masu zuwa, ni in zauna kusa da ita in yi mata fifita, in an ce a sayo wani abu in zo in gaya muku." Tsohuwar da ta ga ba kujerarta kika zo ɗauka ba, ita za ta fara kiran ki idan ciwo ya tashi. Mai gida kuma a sanar da shi ta hanyar matarsa ko mahaifiyarsa, ya ji daga bakinki sau ɗaya a gaban mutane cewa ba kuɗi, ba magani, kuma gidan likita za a je. Inda akwai makarantar mazaje, wato zaman magidanta kan lafiyar mata, irin wadda aka fara a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mazan cikinta sun riga sun saba da maganar, za su iya buɗe miki ƙofa.

Amma duk yardar gida ba ta maye gurbin yardar mai cikin. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki ce mata, "Idan ba kya so, ko kika canza ra'ayi ko da a tsakiyar naƙuda ne, ki ce in fita, ba zan ji haushi ba, ba wanda zai ji daga bakina." Matanmu ba su iya cewa a'a ga wadda ta zo da fara'a, musamman idan sajfam ce ta haɗa ku, sai su ji tsoron idan sun ƙi za a ƙi kula da su. Ki cire mata wannan tsoron da bakinki. A nan ne nake so ki yi taka tsantsan da yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko ƴar gudun hijira, ko ƴar aikin gida. Sun fi kowa buƙatar mai riƙe musu hannu, kuma idan Allah ya haɗa ku ki riƙe. Sai dai kada ki je neman su don sun fi sauƙin samu. Wadda ba ta da bakin ƙi, kada ki miƙa mata takardar cikewa sai kin tabbata da ranta ta so.

Maganar kuɗi ki gama ta tun zaman farko. Ba kya karɓar lada, amma ki faɗa a fili cewa ordonans, wato takardar sayen magani, da kuɗin mota da abin da za a saya na gida ne. Gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa tun ƙarshen 2005, ta ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006, amma duk wanda ya taɓa kwana a matarnite ya san ana iya miƙo takarda a ce a je farmasi da tsakar dare. Idan ba ki faɗa ba tun farko, ke da kike tsaye da jaka za a kalla. Ki taimaka musu su ajiye ƴan jikkuna a gefe tun ciki yana wata bakwai, su haɗa zannuwa masu tsabta da karne wuri ɗaya, su san wanda zai ba da jini idan an buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan bayan haihuwa aka kawo miki goro ko sabulu ko ƙwaryar abincin suna, ki karɓa da hannu biyu, mayar da shi cin fuska ne.

Ke ma ki shirya naki gidan. Haihuwa ba ta san alƙawari ba, kaɗan ne ke sauka a ranar da eko, wato hoton ciki, ya faɗa. Daga mako na 37 har na 42 kina cikin jira: waya da caji da kuɗin kira, ba tafiya biki Doso, ba kashe waya da dare. Idan kina da aure, mai gidanki ya amince tun yanzu cewa za ki iya fita ƙarfe biyu na dare. Idan a gaban iyaye kike, su sani, kuma a san wanda zai raka ki. Ki riƙe lambar direban taksi biyu da kika yarda da su. Ki zaɓi matan da ke gefenku na kogi, domin daga Talaje zuwa Harobanda da dare, ko cikin ruwan Agusta da hanyoyi suka cika, tafiya ce. Ki kuma samu wata mace, ko abokiyar horonki, da mai cikin ta riga ta gani, wadda za ta tsaya idan kina kwance ba lafiya. Rashin karɓar kuɗi ba ya rage nauyin alƙawarin ko kaɗan. Kika ce za ki zo ba ki zo ba, unguwa duka za ta ji kafin suna.

Abin da ya fi ba masu koyo mamaki shi ne a yi duk wannan shiri, sannan a ƙi kiran su. Da safe sai saƙo ya zo, an samu ƙaruwa. Dalilin shi ne mata da yawa suna ɓoye farkon naƙuda, wasu tsofaffi ma suna cewa idan mutane suka ji, haihuwar tana daɗewa. Wata kuma nauyin tashin ki da dare take ji. Ku yi yarjejeniya mai sauƙi: ta yi miki bip sau biyu, ko ta turo kalma ɗaya da ku biyu kaɗai kuka san ma'anarta, ke ki kira. Ki ba wa maƙwabciyarta ta kusa da uwar mijinta lambarki. Ki riƙa gaishe ta kullum da yamma a makonnin ƙarshe, domin daga muryarta za ki ji idan mara ta fara. Kuma ki maimaita mata cewa ko ciwon ƙarya ne kika zo kika koma, ba komai.

Idan aka ce miki a gida za a haihu, ki zo ki taimaka, kada ki karɓa a matsayin haihuwar horonki. Ranar da jini ya ɓalle, ke da aka ji kin yi karatun haihuwa za a juyo a kalla, kuma ba ki da abin tsayar da shi. Aikinki a irin wannan gida shi ne lallashi a tafi gidan likita da wuri. Ki haddace alamun da ba a jira da su, ki koya wa duk gidan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, faya ta fashe ba naƙuda ko ruwan ya fito kore, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta kwana ta wuni. Idan kika ga ana shirin ba ta jiƙo don ciwo ya yi sauri, ko danna ciki, ko yankan gishiri, ki yi magana da ladabi amma kada ki yi shiru, kuma ki gaya wa sajfam abin da aka sha da lokacin da aka sha. Matan da ke fama da yoyon fitsari, mafi yawansu doguwar naƙuda ce a gida ta kai su.

Ranar haihuwar, da kin shiga ki gaishe da sajfam ɗin da ke aiki, ki tuna mata ko ke wace ce, ki gaya mata tun lokacin cewa akwai takardar da za ki roƙe ta ta cika daga baya, don ta san ta lura da ke. Ki rubuta lokacin da kika iso da lokacin da aka sauka a ɗan littafinki, ba tare da cikakken sunan matar ba. Idan kika ji an yi wa mai naƙudarki tsawa, kada ki mayar, ki matso kusa da kunnenta ki fassara mata abin da ake so ta yi da murya mai sanyi, sau da yawa rashin jin Faransanci ne ko tsoro ya sa ta ƙi. Bayan an sauka ki taimaka a ɗora mata ɗan a ƙirji, ya kama nono cikin awar farko, ki roƙi tsofaffi kada a matse dakashi a zubar. Takardar sajfam ki kai mata bayan ta wanke hannu ta zauna, kafin ta miƙa aiki ta tafi gida, domin idan ta wuce sai ki yi mako kina neman ta. Ta mai jego kuwa ba ranar ba. Ki bar ta ta huta, ki koma bayan kwana biyu ko uku ki duba ta, ki ji yadda jini da nono da barci suke, ki bar ta ta ba ki labarin haihuwarta yadda ita ta gan ta, sannan a cika takardar.

Ranar suna ki je da wuri, ki zauna cikin mata, ki kama aikin da ake yi. Kada ki ce komai a kan kanki. Kakar jaririn ce za ta nuna ki ta ce wa na kusa da ita, "Waccan ce ta kwana da ita." A cikin masu jin maganar akwai mai wata biyar da ta rufe da babban mayafi, kuma kafin a watse ita ko yayarta za ta zo ta tambaye ki a wace unguwa kike.